Abin da Inna Ta Faɗa Maka Jiya da Magariba

Ɗana, zo ka zauna nan kusa da ni, ka ajiye littafin nan tukuna, domin haske ya riga ya tafi, kuma abin da nake son faɗa maka ba ya bukatar fitila. Kwana uku ke nan ina jin ka a bayan zaure kana bitar darasinku na adon harshe kamar mai tilawa: kamance, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, kambamawa, kinaya. Na ji daɗi, Allah ya sani, saboda ba kowane yaro ba ne a garin nan namu na Kebbe zai rungumi takarda haka don jarrabawar WAEC da NECO na tafe. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a. Sai dai jiya da magariba na ga wani abu da ya sa na kwana ina juyi, rabi dariya rabi tunani, saboda haka na ce bari in kira ka mu yi magana irin ta ɗa da baffansa tun kafin abin ya sulale mini, don mantuwa ta fara yi mini sallama a ƙofa.

Ka tuna an aike ka kai niƙa tun bayan la'asar, ka tsaya wurin masu kallon ƙwallo, ba ka dawo ba sai da liman ya sallame magariba. Inna tana zaune bakin murhu, ruwan tuwo ya tafasa har ya ƙone an ƙara wani, ta ɗaga kai ta dube ka ta ce, "Madalla da maigidana! Wanga sauri haka awa walƙiya. Gobe ma kai za a aika." Kai kuwa ka washe baki ka ce, "Na gode, Inna," ka dire ƙwaryar gari ka wuce ɗaki abinka. Ba ka ga yadda matan gida suka sunkuyar da kai suna toshe baki da gefen zane ba. Ni ina kan buzu ina lazimi, da ƙyar na riƙe carbina.

To, a cikin numfashi ɗaya tsohuwar nan da ba ta taɓa zama a aji ba ta jero maka abu uku irin abin da kake haddacewa. Ta kira ka maigidanta, alhali kai jikanta ne, wannan wasan kaka da jika ne, sassauci ne ta shimfiɗa maka kafin ta ɗora bulala. Ta haɗa saurinka da walƙiya, ta sa "awa" a tsakani, wadda ita ce "kamar" a bakin mutanenmu na ƙasar Sakkwato, ga kamancenka nan tsaye da ƙafafunsa. Sannan ta lulluɓe duka da gatse, wato ta faɗi yabo tana nufin kishiyarsa, domin wanda ya share awa biyu da rabi a hanyar da ba ta kai tafiyar minti goma ba, hawainiya ma sai ta riga shi. Da a takardar jarrabawa aka rubuto maka wannan jimla, na tabbata da ka ja layi a ƙarƙashin "awa walƙiya" ka ci makinka. Da ta fito daga bakin mai rai, da murya da kallo, sai ta wuce ta saman kanka.

Kada ka ji kunya da yawa, ɗana, kuma kada ka ɗauka ina rena karatunku. Sunayen nan da kake bita malamai ne suka zauna suka yi wahalar raɗa su, don Bahaushe ya iya nazarin waƙarsa da harshensa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya tsara da yawa daga cikinsu a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wanda sabon tsarinsa ya fito a 2007, kuma a nan Sakkwato Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya fitar da Salo Asirin Waƙa a 2001. Tun kafin boko ma, zaurukan malamanmu suna karantar da wannan fanni da sunan balaga, ana bin littattafai irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi da Jauharul Maknun, ana rarrabe tashbihi da isti'ara da kinaya. Ƙasar nan ba baƙuwar abin ba ce. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, gwanin waƙar Larabci ne, kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna Tambuwal har zuriyarsa suka gaji sarautarta, shi ma an san shi da waƙoƙin Larabci. Amma dubi sunan littafin Ɗangambo da kyau, domin shi kansa ado ne: an mayar da waƙa dabba, an kwantar da ita a gadon fiɗa, an mayar da manazarci mahauci da wuƙarsa. Mahauci kuwa sai ya san saniya tana tafiya da ƙafafunta a kara, ya san mai ƙiba da mai kumburi, kafin ya iya raba tsoka da kitse a kan gado. Kai an miƙa maka wuƙa, ba a kai ka kara ba tukuna.

Karar kuwa ba nisa gare ta ba, bakinka ne da bakin mutanen gidanku. Tun da gari ya waye yau, sau nawa ka yi adon harshe ba ka sani ba? Ka ce yunwa ta kama ka, sai ka ce tana da hannu. Ka ce barci ya sace ka a aji. Manomi ya dawo daga fadama ya ce gona ta ƙi bana, ko damina ta yi gardama, kamar yana ba da labarin wata mace mai taurin kai, wannan ita ce mutuntarwar da kake nema a littafi. Mun ba gulbi baki, mun ba kuka gindi, mun ba riga wuya, mun ba allura hanci, mun ba rijiya ido. Murna a wurinmu farin ciki ce, ɓacin rai baƙin ciki, jarumi mai jan hali ne, wanda ake so mai farin jini, ɓarawo mai dogon hannu, malalaci zuciyarsa ta mutu alhali tana bugawa. Ka ɗauki kalmar "ci" kaɗai ka bi ta, ka ga inda za ta kai ka: ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin sarauta, ana cin amana, ana cin mutunci, kai ma jarrabawa kake fatan ci, kuma a cikin waɗannan duka tuwo ne kaɗai ke bi ta maƙogwaro. Waɗannan ado ne da suka tsufa a bakinmu har suka koɗe, kamar zanen da aka daɗe ana wankewa, shi ya sa ba ma ganinsu. Mawaƙi da marubuci ba wani sihiri suke yi ba, irin wannan rinin suke sabuntawa.

Ko sunan garin maƙwabtanmu ka duba. In ka ji a rediyo an ce Tambuwal ya zama kakakin majalisar wakilai a 2011, ko ya zama gwamna a 2015, ka san garin bai tashi da ganuwarsa da kasuwarsa ya koma Abuja ko Sakkwato ba, Aminu Waziri ake nufi. Haka Shagari da ya zama shugaban ƙasa a 1979, garinsa na nan bakin hanyar Sakkwato inda yake. Haka in an ce Abuja ta hana, ko fada ta kira, ko wane yana neman rawani, ba ƙyallen ake nema ba. Ana ambaton wuri a nufi mai wurin, a ambaci tufa a nufi muƙami. Wasu malaman sukan sa irin wannan a babin kinaya, malaman zaure kuma su ce majazi ne, kai dai ka bi abin da malaminka ya koya maka ranar jarrabawa, kada ka ce baffanka ya ce.

Yadda ake gane ado kuwa, wani tsohon malami da na yi karatun dare a zaurensa a Tambuwal ya taƙaita mana shi da kalma ɗaya ta masu balaga, wato ƙarina, alamar da ke hana ka ɗaukar magana a kan fuskarta. In an ce maka an ga zaki a daji, sai ka nemi wurin gudu. In an ce zaki ya fito sallar idi da rawani da alkyabba, rawanin nan shi ne ƙarina, shi ya gaya maka sarki ake nufi. Saboda haka duk maganar da ka ji, fara aza ta a kan fuskarta ka gani ko za ta zauna. In ta ƙi zama, ka tambayi kanka wane hali aka aro daga wancan abu aka yafa wa wannan, kwarjinin zakin ne, ko ƙarfinsa, ko cin naman da yake yi. In an bar "kamar" ko "tamkar" ko "sai ka ce" ko "ya fi" a tsakani, kamance ne, an bar maka gada ka taka. In an janye gadar an ce wane zaki ne kai tsaye, siffantawa ce. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, yaro mai kai irinka zai gama da shi a dare ɗaya.

Mai wuyar shi ne sanin wa ke magana, da wa yake yi, kuma me yake so. Domin dabba ɗaya takan zama riga a wani wuri ta zama mari a wani. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, in sun kira basarake giwa, sun ɗaga shi sama da kowa a dajin. Je ka kira gwaggonka giwa ka ga abin da zai same ka. Makaɗin ƴan dambe irin Ɗan'anace in ya haɗa gwaninsa da kura, kirari ne, har a yi masa kari. Wanda aka ba ajiyar kuɗin masallaci in aka ce masa kura, an gama da shi a gari. A takarda duka biyun dabbantarwa za ka rubuta a ba ka maki ɗaya, a rayuwa kuwa ɗaya kyauta take jawowa ɗaya shari'a.

Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka ga kamar kai kaɗai ne aka taɓa yi wa dariya a gidan nan. A 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka ɗauke ni koyarwa a Tambuwal. Ina saurayi, ina tara kuɗi wata bayan wata a cikin gwangwanin madara don in sayi keke, domin na gaji da bin motar kasuwa duk lokacin da zan zo gida. Kuɗin sun kusa cika sai aka gayyace ni bikin wani abokina a wani ƙauye wajen Dogon Daji, ni kuma don tsoron ɓarayi na zuba su duka a aljihun ƴar shara na tafi da su. Da dare ana kiɗa, wani maroƙi ya hango ni da sabuwar hula da biro a aljihu, ya tambayi sunana a gefe, ya taso mini. Ya ce ni ne gulbin da ba a taɓa ganin ƙasansa ba, ni ne hadarin gabas da ba ya tasowa ya koma haka nan. Ƴanmata suka yi guɗa. Ɗana, wallahi ji na yi kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na sa hannu na ciro, ya ƙara murya, na ƙara cirowa, ya ce wane malami wane attajiri, ban farga ba sai da yatsuna suka taɓo ɗinkin aljihu. Da safe kuɗin mota ma sai da ango ya ranta mini.

Labari ya riga ni isowa Kebbe, ka san ba a rasa mai kawowa. Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai yi mini faɗa ba ko kaɗan. Da asuba na je gaishe shi, yana zaune da butarsa a gaba, ya dube ni ya ce, "A'a, gulbi! An tashi lahiya? Ko za a samu ɗan ruwan alwala wurinka?" Shi ke nan abin da ya ce. Na fi shekara ina jin wannan tambaya a kunnena duk lokacin da na tsaya bakin hanya da rana ina jiran mota.

Na daɗe ina jin haushin maroƙin nan, daga baya na gane bai yi mini ƙarya ba. Kambamawa sana'arsa ce, shi ya san ni ba gulbi ba ne, duk wanda ke filin nan ya sani, ni kaɗai ne na manta. Maƙaryaci so yake ka yarda da abin da ya faɗa, mai kambamawa kuwa ya ɗauka kai da shi kun san inda gaskiya ta tsaya, ya ƙara gishiri ne don miya ta yi daɗi. Haɗarin yana wurin mai saurare da ya ɗauki gishirin ya mayar da shi tuwo. Saboda haka nake so ka riƙe wannan darasi fiye da sauran, domin zamaninku ya fi namu yawan maroƙa, kuma da yawansu ba sa rataya kalangu balle ka gane su daga nesa. Ga mai maganin gargajiya da lasifika a kasuwa, kwalba ɗaya tana kashe cuta arba'in. Ga mawaƙan siyasa, kowane ɗan takara bango ne, kowane abokin hamayya kuma an sama masa dabbar da za a laƙa masa. Ga masu cewa ka kawo dubu goma ta haifi dubu ɗari kafin sabon wata. Ka gaya wa ƙanwarka ma, in saurayi ya ce mata ita ce wata a cikin taurari, ta ji daɗin maganar, ba laifi, an yi ta ne don a ji daɗi, amma ta tambayi sana'arsa da halinsa a wurin waɗanda ba su iya waƙa ba.

Sai habaici, wanda shi ma ba ya zuwa da suna a goshi. Za ka ga mace tana korar kaza a tsakar gida tana cewa, "Kullum sai dai ki ci na wasu, ba ki taɓa yin ƙwai an gani ba," alhali idonta na kan kaza, kunnenta na ɗakin da ke kallon nata. Bambancinsa da zambo shi ne, zambo yakan zana mutum, tsayinsa da tafiyarsa da aibinsa, a ƙara masa muni har kowa ya gane shi a yi dariya, habaici kuwa jifa ne a duhu, sai wanda ya san abin da ya aikata yake jin zafinsa. Shi ya sa magabata suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nasihata a nan biyu ce a haɗe. Ka iya gane shi, don kada a yi ta yi da kai kana taya su dariya. In ka gane kuma, ba dole ne ka amsa ba, domin wanda ya tanka habaici ya sa hannu a takardar da ba a rubuta sunansa a kai ba. Na ga zumunci na shekara talatin ya mutu saboda wani ya ce "da ni kake?" a wurin da shiru zai wadatar. Yanzu kuma na ji har a waya kuke liƙa irin wannan jifa, kowa ya karanta ya tsargu, a bar mutum goma da ciwo alhali ɗaya aka nufa. Kada in ji ka a ciki.

Akwai kuma wani iri da ban ji kana ambata ba a bitarka, ga shi kuwa shi ne na fi ganin girmansa, wato sakaya magana don kunya ko don tausayi. Ba ma cewa mace ta haihu a gaban surukai, mukan ce ta sauka. Da dare tsofaffi ba sa kiran maciji da sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. Inna har yau ba ta taɓa kiran sunan babanka ba, don shi ne ɗanta na fari. Mara lafiya ko yana kan gargara, in ka tambaya za a ce maka da sauƙi, saboda haka sai ka koyi jin nauyin "da sauƙi" ɗin, domin akwai wadda ake faɗa da dariya, akwai wadda ake faɗa ana kallon ƙasa.

Ranar da kakanka ya rasu ina Tambuwal ina cikin aji. Lokacin babu waya. Sai na hango ƙanen Inna, kawunmu, tsaye a gindin dalbejiyar makaranta da ƙura har gwiwa. Na fito muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Tsoho na son ganinka, jiki ya ɗan matsa mai." Na kawo masa ruwa a moɗa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Na ce bari in nemi izinin kwana ɗaya, ya ce, yana kallon moɗar, "Ka ɗauko tufafin da za su kai ka bakwai." Mutumin da jiki ya ɗan matsa wa ba a ƙidaya wa mai zuwa duba shi kwana bakwai. Na gane, shi ma ya san na gane, amma daga Tambuwal har Kebbe a bayan motar nan muna zaune kan buhunan gero, ba wanda ya furta kalmar. Muka yi zancen damina, muka yi zancen tsadar taki. Ya bar mini tsawon hanyar nan in shirya zuciyata, in yi kukana a ɓoye ina fakewa da ƙura, don in iso gaban Inna da ƙannena a tsaye kamar babba. Da muka shawo kwanar gidan nan na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar zauren nan da muke zaune, ba wanda ya bukaci ya ƙara gaya mini kome. Da ya faɗa mini gatsau a gaban yaran aji, ban san yadda zan yi ba. Har ya koma ga Allah ban daina gode masa ba, shi kuma bai taɓa yarda ya san abin da nake gode masa a kai ba.

To, ka ci gaba da haddarka, kada ka fasa, gobe da safe ka kawo littafin in yi maka tambayoyi, mu ga ko tsohon malami ya tuna wani abu. Yanzu dai tashi ka shiga wurin Inna, na ji motsinta tana neman goronta. Ka durƙusa ka gaishe ta da kyau, ka ce mata walƙiyar jiya ce ta zo neman gafara, sannan ka yi shiru ka saurari abin da za ta mayar maka, ka zo ka gaya mini ko nawa ka ƙirga a ciki. Miƙo mini butar can kafin ka tafi, an kusa kiran lisha.